Dogo Bai Durƙusa Ba

Salamu alaikum, masu leƙo shafin nan. Ku gyara zama, don abin da zan ba ku yau ni kaina in na tuna sai na rufe fuska da mayafi. Wanda bai san ni ba, ni ce Khaula, 'yar Alhaji Hamadu mai atamfa a babbar kasuwar Garwa, gidanmu na nan Hausare. Wanda nake so kuma sunansa Abdulhalim, malamin gona ne, aiki ya jefa shi can Tuboro wajen manoman auduga.

Abdulhalim dogo ne. Ba irin dogon da za a ce masha Allah a wuce ba, a'a, irin wanda in zai shigo zaurenmu sai ya sunkuyar da kai, in tela ya hango shi kuma sai ya fara murna. To duk baburan duniya, ko moto kamar yadda muke cewa a nan, bawan Allahn nan bai ga wanda ya yi masa ba sai wani ja irin na tsere, wanda ake kifewa a kan tankinsa kamar mai leƙen rijiya. In ya hau, gwiwoyinsa har neman haƙarƙarinsa suke yi. Ya raɗa masa suna Barewa. Hankicin da yake goge shi da shi ya fi na fuskarsa tsabta, na gani da idona.

Shi kuwa Babanmu mutum ne mai sauƙi a komai, ban da gaisuwa. Ba ya tambayar albashi, ba ya tambayar gida nawa gare ku. Abu ɗaya yake kallo: yaro ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe shi. Shi kansa Baba a kan kujera yake zama, har sallah a kanta yake yi saboda ciwon ƙafa, amma daga kan kujerar nan yake auna mutum.

Zuwan Abdulhalim na farko ina laɓe a bayan labulen tagar da ke kallon zaure. Ya cire takalmi, na ce alhamdulillahi. Sai ya ɗan ranƙwafa, ya dafe ƙirji, ya ce, “Barka da yamma, Baba.” A tsaye! Na ce wataƙila ruɗewa ce. Zuwa na biyu, Asabar ɗin da ta wuce waccan, ya sake maimaitawa, har da murmushi.

Yana fita ƙofar gida Baba ya shigo tsakar gida yana dogara sandarsa.

“Mairamu,” ya ce wa Ummata, “yaron nan da 'yarki ta kawo, taɓarya ya haɗiye ne?”

Umma ta ci gaba da tsince shinkafa. Dada, wato kakata mahaifiyar Baba, tana kan tabarmarta tana gurza goro, ta ce, “Ku bar mini mijina. Daga sama yake gaisuwar, ba ta gama saukowa ba ne.”

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, “Asabar mai zuwa bayan la'asar ya dawo, don washegari zan wuce Kano sarin kaya. In ya sake tsaya mini a ka kamar jandarma, to ya nemi wata ƙofar.”

Jama'a, Baba ba ya magana biyu. Ina son mutumin nan, so na gaske, irin wanda in wayata ta yi ƙara sai na ƙone da tukunya wajen sauri. Amma a lokacin haushinsa ya fi son yawa. Na zari mayafina ruwan toka, na ɗauki gorar folere mai sanyi, zoɓo ke nan, na fita zaure ina taka ƙasa da ƙarfi.

Abdulhalim ya dawo zauren, yana jingine da bango. Ya ce, “Ranki ya daɗe. Jam na?” Wato “lafiya?” da Fulatanci.

“Babu wani jam. Me Babana ya yi maka?”

“Baba? Wallahi ina ganin girmansa.”

“Daga can sama kake ganinsa?”

Na murɗe murfin gorar da fushi, ya suɓuce, ya gangara ya tsaya daidai ƙafarsa. Na jira ya ɗauko. Mutumin da ko allura ta faɗi sai ya riga ni, sai ga shi yana kallon murfi, yana kallona, yana ƙoƙarin turo mini shi da babban yatsan ƙafa.

Na ce, “Ɗauko mini.”

“Khaula...”

“Da hannu.”

Ya dafa bango, ya fara sauka a hankali. Gwiwar ta ce ƙas! Gumi ya keto masa a goshi, amma murmushin nan yana nan bai bar fuskarsa ba. Bai kai rabi ba ya miƙe. Wayyo ni, sai na ji fushin ya zube, tausayi ya hau kansa.

Da ƙyar na tatso maganar. Tun asuba yake tasowa daga Tuboro, a naɗe a kan Barewa har la'asar. In ya sauka ya miƙe ƙafa, gwiwar ba ta sake yarda ta lanƙwashe sai ta kwana.

“To me ya hana ka faɗa wa Baba?”

Ya zaro ido. “In ce wa surukina me? Ciwo nake ji?”

Kun san mahaifiyarsa Bafulatana ce, kuma ta rene shi a kan cewa namiji ba ya cewa wayyo. Ko kunama ce ta harbe shi a gaban manya, sai dai ya ce lafiya lau. Ya gwammace a kira shi mai girman kai da a ji yana raki. Har rantsar da ni ya yi kada in faɗa wa kowa a gida.

Na san abin da kuke cewa: ya hau motar haya mana. Na faɗa masa. Ya ce a motar Tuboro gwiwarsa a haɓarsa take tafiya, ga buhu a kan cinya. Na ce ya zo tun Juma'a ya kwana. Ya ce lokacin awon auduga ne, ko rabin yini shugabansu ba ya ƙara masa a kan Litinin ɗin komawa. Na kalli Barewa da ke sheƙi a ƙofar gida, na ce a raina, to kai za a gyara.

Bayan magariba na tura masa saƙo.

*Gobe ka kai Barewa garejin Wilfried, yayan ƙawata Larissa, a Yelwa, in ya taso daga coci.*

*Lafiyarsa ƙalau fa.*

*Kai ne ba lafiya.*

*Za su ɓata masa kyau. Moton tsere ne, ba na dakon gawayi ba.*

*To Asabar sai ka turo shi ya durƙusa wa Baba.*

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Can sai ga shi: *Allah ya kai mu.*

Washegari na ce wa Umma za ni wajen Larissa, kuma ban yi ƙarya ba, tare muka tafi. Wilfried gajere ne mai tumbi, yana magana da Hausa da Faransanci da Fulatanci duk a jimla ɗaya. Ya ce Abdulhalim ya hau ya gani. Yana hawa Wilfried ya zagaya shi, ya riƙe ƙugu, ya fashe da dariya.

“Grand, kai Dogo, wa ya sayar maka da wannan? Ba ya tsoron Allah.”

“Ni na zaɓa,” in ji Abdulhalim, fuska a ɗaure.

“Pardon. To duba nan.” Ya ɗauko igiya ya auna daga diddige zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa ƙugu. Ya ce jikin mutum wuri uku yake taɓa moto, hannu da mazauni da ƙafa, kuma a kan Barewa ukun nan sun matsu wuri ɗaya, shi ya sa doguwar ƙafa ba ta da inda za ta sa kanta. Aikin kawai a raba su.

Ya fara da matakan ƙafa. Ya yanko ƙarfe mai kauri ya yi walda, ya sauke su ƙasa kaɗan, ya ce in ya wuce haka za su riƙa kartar kwalta a kwana. Ya gyara abin taka giya da na birki don su dace da takalmin Abdulhalim da Larissa ta ce kwalekwale ne. Ya sa wasu guntayen ƙarafa ya ɗaga kan moton, ya canja wayar birki da mai tsawo. Duk noti ɗaya da aka kwance sai Abdulhalim ya runtse ido. Da gwiwarsa ta ce ƙas bai yi haka ba.

Da aka zo kan kujera sai Wilfried ya tsaya yana sosa ƙeya.

“Nan ne babban aikin. Sai an ƙara mata tsayi, kamar faɗin tafin hannu. Amma soson kasuwa ba zai yi ba, kafin ka haye gadar Binuwai ya kwanta. Mai tauri ake so, irin na katifar masu ciwon baya. Sai dai in aika Duwala.”

“Yaushe zai iso?” na tambaya.

“Wani satin, in Allah ya so.”

Shi kuma gobe da asuba zai koma Tuboro. In ba a ɗaga kujerar nan yau ba, duk waldar banza ce.

Wilfried ya riga ya zana siffar kujerar a kan kwali ya yanke, siririya ta gaba, mai faɗi ta baya. Aka kira azahar, Abdulhalim ya tafi masallaci. Na kalli kwalin. Kwalin ma kamar yana kallona. Na naɗe shi a mayafi na ce wa Larissa, “Ina zuwa.”

To ku ji. Tun shekarar da na gama lise, wato sakandare, Umma ta saya mini katifar aure, babba, mai taurin gaske, ta jingine ta a ɗakin ajiya cikin ledarta. Ko kallonta aka cika yi sai Umma ta yi gyaran murya. Ranar kuwa Umma ta tafi suna a garin Pitowa, Baba yana kasuwa, Dada ta rufe fuska da ɗankwali tana barcin rana a inuwa.

Na shiga na ja ƙofa. Zafin Garwa a ɗakin ajiya, ba sai na ba ku labari ba. Na buɗe ledar ta wajen ƙafa, na farke ɗinkin rigar katifar, na ɗora kwalin a bakin soso. Wuƙar albasa ta ƙi ci. Na je na ɗauko wuƙar layyar Baba. Ina yanka ina istigfari, ina istigfari ina yanka. Da na gama na mayar da ɗinki, na liƙe leda, na juya wajen ramin ya kalli bango. Da zan fita na ga kamar ɗankwalin Dada ya motsa, na ce iska ce.

Wilfried ya matsa soson da babban yatsa, ya kalle ni, ya kalli Larissa, ya ce, “Ban tambaya ba.” Ya fere shi, ya manna, ya ja baƙar fata ya rufe. Abdulhalim ya dawo ya ɗauka a maƙwabta aka samo. Ya hau. Bayansa ya miƙe, gwiwoyinsa suka sauka inda Allah ya halicce su.

“Barewa ya zama raƙumi,” ya ce a hankali, kamar mai ta'aziyya.

Amma washegari da hantsi saƙo ya shigo: *Na wuce Ngong. Gwiwa shiru.* Na karanta shi ya fi a ƙirga. Duk satin nan in Umma ta doshi ɗakin ajiya sai na ƙirƙiro mata wata hira.

Asabar ta zo. Na sa atamfata kore mai zanen ganye, na ɗaura ɗankwali ya ƙi zama, na sake ya ƙi, na bar shi haka. Ana sallame la'asar na ji ƙugin Barewa. Na manne a bayan labule.

Ya sauka. Ya turo moton cikin zaure saboda rana. Ya cire takalmi. Sai kawai na ga mutum ya zube har ƙasa, da saurin da hularsa ta kusa faɗuwa.

“Barka da yamma, Baba.”

Ko a durƙushe kansa ya kusa kai na Baba da ke kan kujera. Baba ya kalle shi ta saman tabarau. Da gangan ya ja gaisuwar: ya gida, ya iyaye, ya auduga, ya ruwan bana, ya hanya, ya mutanen Tuboro ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Abdulhalim yana ƙasa bai motsa ba. Can Baba ya miƙe, ya je wajen moton, ya shafa kujerar, ya danna ta da yatsa.

“Soso mai kyau,” ya ce.

Ya shigo tsakar gida. “Mairamu, ki ce wa 'yarki ya turo magabatansa in na dawo daga Kano.”

Umma ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa hawaye, wallahi hawaye sosai, na murna. Dada ta ce, “An ƙwace mini miji ina zaune.” Ina cikin share ido Umma ta tafa hannu.

“Af! Bari in duba katifar nan tun yanzu, kar a ce ɓera ya taɓa ta. Khaula, zo kama mini.”

Innalillahi. Ni da hannuna na kama gefe ɗaya. Na ce, “Umma, ga baƙo a zaure, a bari gobe mana.” Ta ce, “Baƙon ai dominsa ne.” Muka shimfiɗa ta a tsakar gida. Wajen ƙafa ya lotsa. Umma ta taɓa, ta ga ɗinkin da ba na kamfani ba, ta ja zaren. Rami ya bayyana, siriri ta gaba, mai faɗi ta baya.

“La'ilaha illallahu! Ɓera!”

Dada ta miƙo wuya. “Wannan ɓeran ya yi makaranta. Har da zane ya yi kafin ya ci.”

Baba ya kalli ramin. Ya dogara sanda ya koma zaure, ya daɗe kaɗan, ya dawo. Na san me ya je kallo.

“A ce ya shigo.”

Abdulhalim ya sunkuyo ta ƙofa. Ya ga katifa, ya ga ramin, ya waiwaya wajen zaure, sannan ya kalle ni. Na ga lokacin da ya gane, don bakinsa ya ɗan buɗe.

“Khaula,” in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa, wadda ta fi tsawa ban tsoro. “Aikinki ne?”

“Eh, Baba.”

“Katifar da uwarki ta tara miki, kika yanka don a yi wa saurayi kwalliyar moto? Wannan ce tarbiyyar? Shi ya sa ki?”

“A'a, Baba, bai ma sani ba.”

“To don me?”

Na buɗe baki, rantsuwar da na yi ta toshe shi. In na yi shiru, maganar magabata ta tashi, na gani a fuskar Baba. In na faɗa, na tona asirin mutumin da ya roƙe ni. Na sunkuyar da kai ina kallon lallen ƙafata, hawaye na ɗiga a kai.

Sai na ji motsi. Abdulhalim ya sake zubewa ƙasa, a kan siminti, a gaban Umma da Dada da kowa. Murmushin nan babu shi.

“Baba, laifina ne. Gwiwata ce. Ciwo take yi. In na yi doguwar tafiya a kan moto ba ta lanƙwasuwa. Shi ya sa na gaishe ka a tsaye har sau biyu. Ba raini ba ne, wallahi. Kunyar faɗa na ji, na kuma hana ta faɗa. Don in iya durƙusa maka ta yi.”

Ni na san abin da kalmar ciwo ta ci masa kafin ta fito. A nan na ƙara sonsa, ban san akwai sauran wuri ba.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Hannunsa ya sauka a kan tasa gwiwar, yana murzawa kamar bai san yana yi ba.

“Ta dama ko ta hagu?”

“Duka biyun, Baba.”

“Ni ta hagu ce ta fara,” in ji Baba. “Shekara da shekaru ina tsugune a kan dilar kaya, ban faɗa wa kowa ba sai da ta zaunar da ni.” Ya miƙa masa kan sandarsa. “Tashi, kar ka ƙarasa ta a gidana.”

Abdulhalim ya kama sandar ya miƙe.

Umma dai ba ta huce ba, tana riƙe da zaren tana hararata. “Alhaji, yanzu katifar fa? Sai an sayi wata.”

“Ba za a saya ba. Da ita za a kai ta, da raminta.”

Za a kai ta. Kun ji? Za a kai ta! Na toshe baki da mayafi don kada dariya da kuka su fito tare.

Dada ta tofar da goro, ta auna katifar da ido, ta auna Abdulhalim tun daga hula har yatsu.

“Ni dai da na ga an wuce da wuƙar layya na ce ko rago aka samu,” ta ce. “Kai Dogo, an ƙara wa motonka tsayi, an rage wa katifarka. Ka ga wajen ramin nan? Nan ƙafarka za ta kwana.”

Baba ya yi tari ya shige ɗaki da sauri. Abdulhalim ya juya zai gudu don kunya, ya manta bai sunkuya ba, ƙofar zaure ta ce masa gwaf a goshi.

Wannan karon, jama'a, duk gidan mun ji ya ce wayyo.